Na mayar da bayan shafi baƙi, rubutuna ya ɓace

Sadiya A. (Anguwan Rogo): Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka mini, na jawo wa kaina. Ina rubuta aikina na kammala digiri da Python a cikin VS Code, manhajar rubuta kod, kuma yawanci sai dare nake samun natsuwa. Farin shafin nan yana haska ɗakin kamar an kunna fitilar mota, ƙanwata da muke kwana tare kullum sai ta yi mita. Jiya na ga wani ya ce a shiga settings.json, fayil ɗin saitin VS Code, a ƙarƙashin workbench.colorCustomizations a rubuta "editor.background": "#000000". Na rubuta, na adana. Wallahi nan take komai ya ɓace. Baƙi wuluk. Sai 'yan kalmomi ja-ja da shuɗi da kyar nake hango su. Na ɗauka aikin wata huɗu ne ya tafi, har na fara hawaye. Da na danna Ctrl+A ne na ga ashe rubutun yana nan. Yanzu shi kansa fayil ɗin da na ɓata ba na iya karanta shi, balle in gyara.

Mubarak: Hhhh garin neman gira an rasa ido. Ƙanwata, baƙin rubutu kika ɗora a kan baƙin bango, kamar wanda ya sa baƙar riga ya shiga duhun Dilimi an ɗauke wuta. Ƙara layi ɗaya a ƙasansa: "editor.foreground": "#FFFFFF". Shi ke nan.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Sadiya, kwantar da hankalinki, ko harafi ɗaya bai taɓu ba. Amma kada ki bi maganar Mubarak tukuna, rabin magani ce. Danna Ctrl+K, ki saki, sannan Ctrl+T. Jerin tsare-tsaren launi zai fito a sama, shi wannan akwatin bai baƙanta ba. Zaɓi Dark+ ko Dark Modern. Rubutunki zai dawo a take. Daga nan ki koma settings.json ki goge layin da kika saka.

Dalilin da ya sa na ce rabin magani ne: ba launi ɗaya ne a kan shafin ba. Tsarin Light+ da nake kyautata zaton shi kike kai yana ba wa kowane nau'in kalma nata launin. Kalmomi irin su def da class shuɗi ne tsantsa, #0000FF. Abin da ke tsakanin alamun zance ja ne mai duhu, #A31515. Sharhin da kike rubutawa bayan alamar # kore ne, #008000. Dukkansu an zaɓe su ne don su zauna a kan fari. Layin Mubarak zai gyara rubutun da ba a ba shi launi na musamman ba ne kawai, sauran suna nan cikin duhu. VS Code ya raba abin gida biyu. Bango da gefe da sandar ƙasa da makamantansu suna ƙarƙashin workbench.colorCustomizations, launin kalmomin kod kuma suna ƙarƙashin editor.tokenColorCustomizations. Wanda ya taɓa ɗaya ya bar ɗaya, abin da ya same ki ne zai same shi.

Sadiya A.: Alhamdulillahi! Ya dawo, Yaya Bashir. Allah Ya saka da alheri. Amma wannan bai yi baƙi sosai ba, kamar gawayi ne da toka ta hau.

Injiniya Bashir: Da gangan suka yi. Bangon Dark+ #1E1E1E ne, rubutun kuma #D4D4D4, ba fari fat ba. Tunda kin fara wasa da lambobin nan gara ki san me suke nufi. Biyun farko ja ne, biyun tsakiya kore, biyun ƙarshe shuɗi. Kowanne yana tashi daga 00 zuwa FF, wato mataki 256. In kika ninka 256 sau 256 sau 256 za ki samu launi 16,777,216. In duka ukun suka zo daidai da juna, toka ce za ta fito, mai duhu ko mai haske.

Mubarak: Ni dai ra'ayina, in za a yi baƙi a yi baƙi. #000000 nake amfani da shi shekara uku. Yana hutar da ido, yana kuma rage cin batir, abin da kowa ke buƙata a garin nan. Ku duba duk wani ƙwararren mai rubuta manhaja a YouTube, wa kuka gani da farin shafi? Farin shafi na masu buga takardar ɗaurin aure ne.

Davou Mai Gyara: Oga Mubarak, wace kwamfuta ce a hannunka?

Mubarak: HP EliteBook 840, ta hannu.

Davou Mai Gyara: To batirinka bai san ka sa baƙi ba. Ka zo shagona wajen Terminus in buɗe maka fasasshen sikirin ɗaya ka gani da idonka. In ka ɓalle firam ɗin, a gefen ƙasa akwai wani siririn zare mai ƙananan fitilu jere kamar ƙwayar gero. Bayansa farar roba ce da wasu ledoji masu sheƙi uku ko huɗu da ke watsa hasken ko'ina. Gilashin gaba aikinsa tare haske ne ko barinsa ya wuce. Ka sa baƙi, fitilun nan suna ci kamar yadda suke ci, an dai rufe musu labule ne. Shi ya sa in ka kashe wutar ɗaki za ka ga baƙin naka yana ɗan haske ta gefe-gefe. Irin wannan sikirin shi ake kira LCD, kuma kusan duk kwamfutocin da ke zuwa hannuna shi ne a jikinsu. Wanda baƙi ke rage wa cin wuta shi ne OLED, irin na manyan wayoyin Samsung, don shi kowane ɗigo da fitilarsa, in baƙi ne sai ta mutu. Kana son batir ya kai ka? Rage hasken sikirin. Nan kuɗin yake.

Mubarak: To na ji ta batir. Ta ido fa? Wannan ai ba sai an buɗe sikirin ba.

Nanret: Ta idon ce ma ta fi ba ni haushi, don an mayar da ita kamar aya. Ni likitan ido ya ce ina da astigimatizim, gilashi nake sawa tun ina sakandare. Farin rubutu a kan baƙin bango, a idona kowane harafi sai ya yi wani hazo a kewaye, kamar fitilar mota a kan hanyar Bukuru da asubar hunturu. Minti ashirin kaina ya fara sarawa. In shafin na da haske, ƙofar da haske ke shiga a tsakiyar ido takan tsuke, rubutu ya fito tsaf. In duhu ne sai ta buɗe, duk wata 'yar matsalar da ke idon ta bayyana. Don haka abin da ke hutar da kai ni wahalar da ni yake yi.

Ga kuma abin da ya faru da ni bara. Ina koyar da yara HTML a wata cibiya, aji na mutum wajen talatin, tagogi manya, babu labule. Na haɗa majigi da kwamfutar wani ɗalibi mai irin ra'ayinka, ya sa Monokai, wani tsarin launi mai duhun bango. Da ƙarfe goma sha ɗaya na safe bangon da ya kamata ya zama baƙi ya koma kalar bangon ajin, sharhin da na rubuta a cikin kod kuwa babu shi babu dalilinsa. Na yi kusan rabin awa ina cewa "ku duba bayanin da na sa a layi na tara", yara suna gyaɗa kai don kunya. Sai wata yarinya a baya ta ɗaga hannu ta ce, Anti, layi na tara ai babu komai. Majigi ba ya jefa baƙi, haske kawai yake jefawa. Baƙinsa shi ne duk yadda bangon ɗakin yake.

Mubarak: Wannan laifin ajin ne da ba labule, ba laifin Monokai ba.

Nanret: Sai in bar koyarwa in tafi Kwararafa sayen labule ke nan?

Baba Garba Taifis: Salamu alaikum. Yara, ku bar tsoho ya sa baki. Mubarak, ni ne mai buga takardar ɗaurin auren da ka ambata, kuma ban ji haushi ba, da ita na aurar da 'ya'ya huɗu. Abin da nake so ka sani, baƙin allon da kake taƙama da shi ba sabon abu ba ne, shi muka tarar. Kwamfutar farko da na taɓa sa wa hannu allonta baƙi ne, rubutun kore shar, in ka daɗe a gabanta ka ɗaga kai sai ka ga farar takarda ta koma ruwan hoda. Ba don gayu aka yi ta haka ba, iyakar abin da na'urar ke iyawa ke nan. Bayan nan muka koma WordPerfect 5.1, shuɗin bango da rubutu fari-fari. Na yi shekaru a kansa a wani shagon buga takardu a titin Ahmadu Bello, har yau in na rufe ido ina ganin shuɗin nan. Da Windows da Word suka zo da farin shafi, murna muka yi, don a karon farko abin da ke kan allo shi ne zai fito a takarda. Yanzu kuma jikokinmu sun koma baƙi suna cewa su ne wayayyu. Duniya rawar 'yan mata.

Ni yanzu ido ya yi rauni. Ɗana ya saita mini bangon ruwan madara, rubutu baƙi, haruffa manya. Da shi nake aiki har la'asar.

Mubarak: Tuba nake Baba, ban san kana zauren ba. Allah Ya ƙara girma.

Baba Garba Taifis: Amin. Ina nan, karatu nake yi ba na magana.

Hajiya Rabi (mai kula da zaure): Baba ya raba gardama da wuri, na gode, da ma ina shirin tsawatarwa. A ci gaba amma ban da gori.

Injiniya Bashir: Bari in kawo abin da za a iya aunawa, don in aka bar shi a "ni na fi son" ba za a gama ba. Akwai ma'aunin tazarar haske tsakanin rubutu da bangonsa, yana cikin ƙa'idojin WCAG da ƙungiyar W3C ta fitar don shafukan intanet su karantu ga masu raunin gani. Yana tashi daga 1, wato launi ɗaya a kan kansa, abin da Sadiya ta yi jiya, zuwa 21, wato baƙi tsantsa da fari tsantsa. Ƙa'idar ta ce rubutu na yau da kullum kada ya gaza 4.5, manyan haruffa kada su gaza 3, mai son mataki na sama kuma ya kai 7.

Yanzu ku duba. Shuɗi #0000FF a kan fari yana ba da wajen 8.6. Shi ɗin dai a kan baƙi, 2.4. Ga dalilin da def ɗin Sadiya ya nutse. Rubutun Dark+ a kan bangonsa wajen 11 ne, ya wadatar ba tare da ya kai 21 mai dallare ido ba. Monokai na asali, wanda Wimer Hazenberg ya haɗa a 2006, bangonsa #272822, sharhinsa #75715E, tazararsu 3 ce da ɗan ɗigo. A ɗaki mai duhu da sikirin mai kyau za ka karanta. A majigin Nanret da rana tsaka, sai dai a yi haƙuri.

Kuma kada masu farin shafi su yi dariya. Solarized, wanda Ethan Schoonover ya fitar a 2011 da launuka 16, mutane na yabonsa sosai, ni ma na yi shekara biyu a kansa. Nau'insa mai haske bangon #FDF6E3 ne, irin ruwan madarar Baba, rubutun kuma #657B83. Tazarar 4.1 ce, ba ta kai 4.5 ba. A tsohon sikirin da fitilarsa ta fara gajiya sai ka ga kamar an rubuta da fensir. Don haka a wurina tambayar ba fari ko baƙi ba ce. Idon wa, a wane ɗaki, a kan wane sikirin?

In kana son ganin lambar da kanka: Ctrl+Shift+P, rubuta Inspect Editor Tokens and Scopes, ka ɗora alamar rubutu a kan kalmar. Zai nuna maka launinta da sunan rukuninta da tazarar.

Nanret: Wannan na ƙarshen ban san da shi ba. Na gwada yanzu, sharhina 3.4 yake. Ashe ba gilashina ne ya tsufa ba.

Injiniya Bashir: Gyara shi kaɗai, ba sai kin canza tsarin duka ba. A cikin editor.tokenColorCustomizations ki sa "comments" ki ba shi launin da ya fi duhu tunda bangonki fari ne. Abin da ke ba ni mamaki da masu haɗa tsare-tsaren nan, sharhi shi ne wurin da mutum ke yi wa ɗan'uwansa bayani da harshen mutane, amma shi suke fara dusashewa kamar abin kunya.

Kabiru Rikkos: Tunda an zo nan bari in faɗi nawa, ban taɓa faɗa a zaure ba. Ni ba na bambance ja da kore sosai. Ban sani ba sai da aka yi mana gwajin nan na littafi mai ɗige-ɗige da lamba a ciki, gwajin Ishihara, lokacin neman wani aiki. Kowa na cewa 74, ni 21 nake gani. A wajen aiki in aka kwatanta tsohon fayil da sabo, layin da aka cire ja, wanda aka ƙara kore, ni duk kalar ƙasa-ƙasa nake gani. Na taɓa amincewa da gyaran da ya goge layi shida ina zaton ƙara su aka yi. Oga ya yi faɗa, na yi shiru na ce kuskure ne. Daga baya na canza diffEditor.insertedTextBackground zuwa shuɗi, diffEditor.removedTextBackground zuwa ruwan goro. In ka ƙara lamba biyu a ƙarshen shidan nan, misali 40 ko 55, launin zai zama shara-shara, rubutun da ke ƙasa ya fito. Tun ranar ban sake ba. GitHub ma yana da tsarin launi na irinmu a cikin saitinsa.

Davou Mai Gyara: Kabiru, kai ne ka taɓa kawo mini caja kana cewa fitilarta ba ta canzawa in ta cika?

Kabiru Rikkos: Ni ne. Ka rufa mini asiri mana, Davou.

Mubarak: Gaskiya wannan ban taɓa tunaninsa ba. A ƙungiyarmu ni na tilasta kowa ya sa tsari iri ɗaya don hotunan da muke ɗorawa su yi kyau. Bari in tambaye su gobe.

Ummi Gangare: Afuwan na katse ku. Ni Notepad++ nake amfani da shi, kwamfutata ba ta ɗaukar VS Code, nauyi yake mata. Na canza bango a Style Configurator amma bayan kowace kalma sai wani farin akwati ya rage, shafin ya zama kamar atamfa.

Injiniya Bashir: Sananniyar matsala ce. A Notepad++ kowane nau'in kalma na kowane yare yana da nasa bangon daban. Hanya mai sauƙi, a saman Style Configurator ɗin akwai wurin zaɓen tsari, ɗauki Zenburn ko Obsidian ko Deep Black, an riga an daidaita komai. In kuwa lallai launinki kike so, shiga Global Styles, sannan Global override, zaɓi launin, ki sa alama a akwatin background. Kada ki sa alama a na foreground, in kin sa duk kalmomin za su koma launi ɗaya. Kuma wannan shafin kawai yake canzawa. In kina son har menu da gefuna su yi duhu, yana cikin Preferences, Dark Mode, tun daga fitowa ta 8 a 2021.

Ummi Gangare: Ya yi. Atamfa ta tafi.

Sani Linux: Mu masu amfani da editar Vim muna kallonku. :colorscheme desert, an gama. In launin ya fito wani iri, set termguicolors a cikin .vimrc.

Nanret: Kai kuma wa ya kira ka? Fara koya wa mutane yadda ake fita daga cikinsa tukuna.

Sadiya A.: Yaya Bashir na sake dawowa. Aikin nawa a kan rubutun Hausa ne, ina ƙirga kalmomi daga labarai. Malamina ya turo mini fayiloli, da na buɗe sai na ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take an zagaye ta da ɗan akwati ruwan ɗorawa. A farin shafi ban lura da su sosai ba, yanzu a kan duhu shafin kamar mai ƙyanda. Ni na sake ɓata wani abu?

Injiniya Bashir: A'a, wannan ba ke ba ce, kuma ba tsarin launin ba ne. A ƙarshen 2021 wasu masu bincike a Jami'ar Kambirij suka nuna yadda za a iya ɓoye mugun abu a cikin kod ta amfani da haruffan Unicode da ba a gani ko masu kama da wasu, suka sa wa abin suna Trojan Source. Sai VS Code, daga fitowa ta 1.63, ya fara zagaye haruffan da yake zargi. In jakar fayilolin ba ki ce kin amince da ita ba, yana buɗe ta a Restricted Mode, a nan kuma duk harafin da ba ya cikin ainihin haruffan ASCII, wato haruffan Turanci da lambobi da alamomin yau da kullum, sai ya sha akwati. Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa ciki: ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253. Shi a wurinsa baƙi ne da ba su da katin shaida.

Tunda daga malaminki suke, duba sandar da ke sama ko ƙasa inda aka rubuta Restricted Mode, danna, ki zaɓi Trust. Yawancin akwatunan za su tafi. In wasu sun rage, ɗora linzami a kan harafin, zai ba ki zaɓin cire shi daga zargi, ya rubuta shi a editor.unicodeHighlight.allowedCharacters. Ban ba ki shawarar kashe abin gaba ɗaya ba. Akwai ranar da za ki kwafo kod daga WhatsApp ko Word, alamar zance ta zo a lanƙwashe maimakon miƙaƙƙiya, Python ya ƙi tashi, ki yi awa guda kina nema. Akwatin nan ne zai nuna miki ita.

Baba Garba Taifis: Ikon Allah. Mu a zamanin tafireta da biro muke bi muna lanƙwasa wa k da d kai bayan an gama bugawa. Yanzu an samu haruffan, kuma na'ura na tuhumarsu.

Sadiya A.: Sun tafi, saura alamar da ke gaban 'yan da 'ya'ya a wasu wurare, na bar ta tunda kun ce tana da amfani. Tambaya ta ƙarshe don Allah, kada a gaji da ni. In na tura wa malamina fayil ɗin, shi ma baƙi zai gani? Dattijo ne, kada ya ce na yi masa rashin kunya.

Nanret: Ba zai gani ba, ƙanwata. Fayil ɗin .py ko .txt haruffa ne zalla, ba ya ɗauke da launi ko kaɗan. Launin yana cikin editarki, kamar gilashin da ke fuskarki ne, shi zai gani da nasa. Word ne ke adana launi a cikin takardar kanta.

Baba Garba Taifis: Shi ma Word ɗin, in kin sa launin shafi ta Page Color, firinta ba ta buga shi sai an je saiti an ce ta buga. Wani yaro ya taɓa kunna mini wannan bai faɗa ba, aka turo takardar gayyata mai shuɗin bango kwafi hamsin. Tawadar mako biyu ta tafi kafin azahar.

Mubarak: To ni dai ina nan a kan baƙina, amma na ɗaga shi zuwa #121212, na kuma rage farin. Kada wanda ya ce na sauka.

Davou Mai Gyara: Ba ka sauka ba Oga, ka dai matso.

Sadiya A.: Na gwada yau. Da rana a Naraguta, a bakin taga, duhun bai yi mini ba, fuskata nake gani a sikirin maimakon kod, sai na koma fari. Da dare na mayar da Dark+ na rage haske zuwa kusan ƙasa. Na samu umarnin Toggle between Light/Dark Themes a Ctrl+Shift+P, danna ɗaya ne. Ƙanwata ta yi barci ba ta ce uffan ba, sai da safe take cewa yanzu kuma ƙarar madannai ce ke damunta.

Davou Mai Gyara: Wannan kam ba a settings.json take ba. Kawo ta shago ranar Asabar in duba.